Sanarwar Rasuwar Jar Saniya, Motar Ɗaukar Nono

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da nadama, ni Mudasiru Imoru na unguwar Sabonjida, Tamale, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata a-kori-kura, wadda matan rugage suka raɗa wa suna Jar Saniya. Ta rasu ranar Talata da hantsi a hanyar dawowa daga ruga, tana da shekara ashirin da uku a duniya.

Na gaje ta daga yayana, marigayi Iddrisu. Shekara tara ni da ita muna fita tare, muna kwaso nono daga rugagen bayan gari zuwa kasuwa. Ba ta taɓa kwana da mu a daji ba. Da safe takan yi tari sau biyu, "kyar-kyar, kyar-kyar", a na uku ta tashi. Ita ta kai matata Rashidatu asibiti a haihuwarta ta fari, ita kuma ta ɗauki gawar Iddrisu zuwa makwancinsa.

Ciwon ajalinta da hannuna na jawo mata, kuma ba zan ɓoye ba. Daminar bana ruwa ya cinye hanyar ruga, cikinta yana gugar ƙasa a kowane kwazazzabo. Sai na kai ta garejin Ziblim a Moshi Zongo, na ce a ɗaga ta sama a sa mata manyan tayoyi. Ziblim ya yi aikin, amma ya zaunar da ni ya ce tsayin da na nema ya fi ƙarfin hannayen ƙarfen da ke riƙe da ƙafafunta na gaba. An ƙera su don tsayinta na asali, yanzu sun miƙe har iyaka, kowane rami sai ya ja gaɓarsu. Ya ce in yi haƙurin mako biyu a kawo dogaye daga Kumasi. Na ga hadari yana haɗuwa, na ce masa bayan damina.

Ta yi kyau ƙwarai, har masu babur suna waiwaye a unguwar Kalpohin. Ba a yi wata guda ba tayoyin gaba suka soma cinyewa ta gefe ɗaya. Sitiyari ya riƙa karkata hagu. In mun faɗa rami sai ta ce "ƙwas", ni kuwa in ƙara muryar rediyo.

Ranar Talata muna gangarowa da jarkokin nono sha huɗu, ƙafarta ta dama ta ɓalle. Ta durƙusa, ta mirgina cikin rami, ƙashin bayanta ya tanƙware. Inna Fuseina mai nono, wadda ke zaune kusa da ni, ta karye a hannu. Na fito ba ƙwarzane, ina kallon nono yana malala cikin jar ƙasa. Ziblim ya zo ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe a tsugune, sannan ya miƙe ya sa aka jawo ta zuwa garejinsa.

Ta rasu ta bar ni, da Rashidatu, da 'ya'ya uku da suka koyi ƙirga a kan lambarta, da mata goma sha ɗaya na rugage waɗanda nononsu ke tsami a ƙwarya tun ranar. Ta bar kuma tayar safaya guda wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ina roƙon a sa Inna Fuseina a addu'a, ita da ta riga ta yafe mini tun kafin in buɗe baki.

Gawar tana garejin Ziblim ga mai son ganinta. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo ranar Asabar bayan azahar, kuma na roƙi kada a kunna wutar yanka ƙarfe sai na bar wurin. Za a karɓi gaisuwa a gidanmu na Sabonjida. Masu zuwa daga nesa su taho da abin hawansu, don yanzu babu mai mai da su gida.