Tankin Injiniya Kailu

Unguwar Treichville ta birnin Abidjan ta yi sa'a, domin a cikinta ne Injiniya Kailu yake kwana. Adjamé ma ta yi sa'a, domin can yake wuni. Ba a san makarantar da ta ba shi injiniyanci ba. An dai san ya yi wata uku yana shirin wata jarrabawar shiga aiki, bai ci ba, amma ya fito da ilimin da ya fi aikin. A can aka koya masa wani irin lissafi da ba a neman amsa. Za a ba ka tambaya da bayani biyu, kai dai ka faɗa ko bayanin ya isa a gane amsa ko bai isa ba. Tun ran nan Kailu ya huta da amsa tambaya.

Ka ce masa, "Injiniya, ƙarfe nawa?" sai ya gyara tabarau ya ce, "Bayani bai isa ba. A ina? Abidjan ko Yamai?" Yaron gbaka, wato ƙaramar motar haya, ya tambaye shi a Roxy inda zai sauka, sai da suka wuce wurin yana neman sanin gudun motar. Shi ya sa 'yan kasuwa suka raɗa masa Malam Bai-Isa-Ba. Yana amsawa da fara'a, a zatonsa digiri ne.

Gidan da yake zaune a Belleville, cikin Treichville, na kawunsa ne, Alhaji Abdulwahid mai albasa. Ɗaki tara ne kewaye da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. A makon da za a yi sunan jikan Alhaji, famfon nan ya yi kwana huɗu bai ɗiga ba. Ga baƙi za su zo daga Adjamé har daga Abobo, ga shinkafa, ga alwala, ga wanke-wanke. Hajiya Delu, uwargidan Alhaji, ta ce in ba ruwa ita ba ta san abin da za ta ba mutane ba sai haƙuri. Alhaji ya yanke shawarar sayen tanki, ya kuma yi kuskuren faɗa a gaban Kailu.

"Kawu, wannan aikin ilimi ne," in ji Kailu. "Ka bar shi a hannun masu shi."

Kwana biyu yana awo. Ya auna tsawon tsakar gida da faɗinta. Ya ƙirga mutanen gida, ya bi kowa yana tambayar buta nawa yake ƙararwa a wuni, har wata tsohuwa ta kore shi da tsintsiya. Ya tambayi Hajiya minti nawa famfo kan cika bokiti in yana da rai. Ta ce, "Kafin in yanka albasa uku." Ya ce girman albasar fa? Ta dube shi, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar Juma'a, ana gobe suna, ya tara mutanen gida ya buɗe littafinsa.

"Jama'a, ku shaida. Bayani na ɗaya: famfo na ba da lita ashirin a minti. Shi kaɗai bai isa ba. Bayani na biyu: tsakar gidan nan ta ninka gindin tanki sau goma sha huɗu. Shi ma shi kaɗai bai isa ba. Amma in aka haɗa su," ya ɗaga yatsa sama, "bayani ya isa!"

Ba a taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Har wata mata ta yi guɗa.

Ya tafi bayan ofishin magajin garin Adjamé ya zaɓi tanki mafi girma, baƙi, mai cin lita dubu biyar. Aka ɗora shi a motar kaya. Kailu ya ƙi shiga gaba, ya tsaya a baya ya dafa tankin da hannu ɗaya, suka haye gada yana ɗaga wa mutane ɗaya hannun.

A ƙofar gida ne aka ga abin da littafi bai gani ba. Tanki ya fi ƙofa faɗi da kamu huɗu. Aka juya shi, aka kwantar da shi, aka yi masa bisimilla, ya ƙi.

"Injiniya, ka auna ƙofa kuwa?" in ji Alhaji.

"Ƙofa ba ta cikin tambaya, Kawu."

'Yan dako shida suka kawo igiya, suka ce za su tsallakar da shi ta kan katanga, a nuna musu inda za su sauke. Kailu ya ɗauki alli ya zana da'ira a tsakar gida, a wurin da lissafi ya ce ya fi dacewa. Da'irar ta fita cif, babu karkata. Sannan ya shiga ɗakinsa don ya sa babbar riga, saboda ya kira mai hoto. Matarsa Lami na ciki tana guga.

'Yan dako suka sauke tanki daidai kan da'ira, wato daidai bakin ƙofar Kailu. Ƙofar kuwa waje take buɗewa.

A daidai lokacin famfo ya yi tari, ya yi atishawa, ruwa ya zo. Gida ya ruɗe. Hajiya Delu ta fizgi tiyo ta jefa a tanki, mata suka yi ta guje-guje da bokitai da robobi, ana ihu ana dariya. Kailu na buga ƙofa, kowa ya ɗauka kafinta ne a maƙwabta. Sai da tanki ya wuce rabi aka ga hula tana leƙowa ta tagar gefe.

"A zubar da ruwan nan a matsar da shi!"

Hajiya ta riƙe ƙugu. "Wane ruwan? Kailu, ko Alhaji ne a ciki sai bayan suna."

Alhaji ya duba sama, bai musa ba.

Aka miƙa musu tuwo ta taga. Washegari da safe baƙi suka cika gida, aka raɗa wa yaro suna Nuruddeen. Kailu kuwa ya shirya jawabi mai shafi shida kan tanki, bai ga yadda za a yi taro ya watse bai ji ba. Ya auna tsawon taga da faɗinta, ya buga lissafi, ya ce wa Lami filin tagar ya wadatar. Lami ta ce, "Malam, ka auna cikinka?" Ya ce mata kada ta sa baki a abin da ba ta karanta ba.

Kai ya fita. Kafaɗu suka fita da ƙyar. Ciki ya zo ya tsaya.

Maza suka ja ta waje, Lami ta tura ta ciki. Aka kawo man gyaɗa aka shafa. Ba gaba, ba baya. Aka aika neman kafinta, aka ce ya tafi ɗaurin aure a unguwar Marcory sai azahar. Da wani ne mai sauran kunya, da ya yi shiru. Injiniya ya nemi a miƙo masa hularsa da ta faɗi, ya sa, ya buɗe takarda, ya karanta jawabinsa daga taga, shafi shida cif, mai na ɗiga daga rigarsa. Baƙi na cin shinkafa suna cewa amin. Mai hoto ya yi aikinsa.

Da azahar kafinta ya cire tagar gaba ɗaya, Kailu ya sauko da katakonta a ƙugu. Mata suka yi ca a kan Lami suna yi mata sannu da wahala.

"Wace wahala?" in ji Lami. "Ku ne kuka sha wahala. Ni rabin da ba ya magana aka bar mini."