Kaset-kaset ɗin Alhaji Idi da Rubutuna Mai Layi Goma

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar walimar Balkisa ba, ranar da na gane ashe bakina ya fi ordinatata, wato kwamfutata, sauri.

Ni mai rubuta manhaja ne a wani ƙaramin kamfani a unguwar Ouaga 2000. A gida Zongo kuwa, na ajiye tsohuwar ordinata a lungun falon Inna, na mai da ita rumbun ajiyar dangi. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha wa'azi: don me za ka ba baƙi ajiyar kayanka a intanet alhali kana da ɗaki? (Har suna aka sa mini, wai Injiniya, ni kuma ina amsawa da ƙarfi.)

Goggo Rabi, ƙanwar babana, tana da kaset goma sha biyu na muryar mijinta marigayi Alhaji Idi, yana rera yabon Annabi a Mauludi. Na kwashe su tsaf na zuba a rumbuna. Sannan na rubuta ɗan umarni mai layi goma wanda duk Juma'a zai kwafe komai zuwa wani faifai na biyu, ya aiko mini saƙo a waya: "An adana, alhamdulillahi."

"Goggo, zubar da tarkacen nan," na ce mata. "Yanzu muryar Alhaji tana wuri biyu."

Wata takwas saƙon yana zuwa, ina shafa gemu.

Da auren 'yarta Balkisa ya zo, Goggo ta ce abu ɗaya take so, a ji muryar uban amarya a walima. Da safen ranar aka ɗauke wuta, aka maido da ƙarfi, ordinatar ta mutu murus. Ko a jikina. Na sa babbar riga, na ɗauki faifai na biyu, na nufi rumfa. Har na karɓi makirfo na yi wa dattawa bayanin amfanin ajiya biyu (ba wanda ya tambaye ni).

Na jona faifan a na'urar masu kayan sauti. Wayam. Na cire, na hura, na mayar. Wayam.

Inna ta leƙo. "Wannan ɗan baƙin akwatin ne? Ai tun azumi, ranar da ka kawo shi, na zare wayarsa na sa firiji. To, ba ka ce yana wani aiki ba."

Nan gumi ya keto mini. Rubutuna bai taɓa duba ko faifan yana jone ba. Da bai same shi ba, sai ya riƙa kwafewa cikin ita ordinatar, ya aiko mini da alhamdulillahi. Ni na koya masa godiya, ban koya masa dubawa ba.

Balkisa ta sunkuyar da kai. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, don muryar mamaci na ɓatar, ba takardar ofis ba.

Goggo ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da kaset ɗaya a ƙulle cikin ɗankwali.

"Sha ɗaya na zubar, yadda ka ce. Wannan zuciyata ta ƙi."

Aka aro tsohuwar rediyo a maƙwabta. Muryar Alhaji ta tashi tana karkarwa, mata suka fashe da kuka, ni ina tsaye riƙe da faifan banza.

Da aka watse ta miƙo mini kaset ɗin. "Injiniya, sake sa shi a na'urarka. Amma ka dawo mini da abuna."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yanzu rubutun nan ya kai layi arba'in, talatin duk dubawa ne, kuma duk wata sai na buɗe ajiyar na saurara da kunnena. Wa'azi kuwa na daina. Kaset ɗin yana ƙasan akwatin Goggo, kuma har yau shi ne ajiyar da ba ta taɓa yi mana ƙarya ba.