Ni Na Kori Tsohon Kunkuru

Shekaranjiya na rasa layina a gidan mai, kuma karon farko a rayuwata na waiga hagu na waiga dama ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Tun hantsi nake cikin tsohuwar motata, wadda ba ta tashi sai an tura ta an haɗa da lallashi. Da la'asar saura motoci kaɗan in isa bakin famfo, sai na sunkuyar da kai a kan waya. Ban ɗago ba sai da na ji ana dukan murfin motar. Mai Walda ne, maƙwabcina, ya bar babur ɗinsa a layin babura ya zo a fusace.

"Malam, suma ka yi? An yi ta danna maka oda har an gaji! Duk sun zagaye ka, ga shi yanzu an ce mai ya ƙare."

Ya leƙo ta taga ya ga idona ya yi ja, sai ya sassauta murya. "Subhanallahi. Rasuwa aka yi?"

Na ce, "Kunkuru ne ya tafi."

Bari in koma baya, don kada ku ce zafin rana ne ya taɓa ni.

Kun san ni a wannan shafi. Shekara da shekaru ba ni da aiki sai gunaguni a kan manyanmu, Allah ya ƙara musu girma da faɗin kujera. Na yi rubutu a kan Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ke yanka zare a bakin ginin da ba a sa wa rufi ba. Na yi a kan Mai Girma Uban Alkawari, wanda ya yi mana alkawarin ruwa tun ina da gashi a ka. Kullum ƙarshen maganata ɗaya ce: da ni aka ba wa, da kun ga aiki. To, an ba ni.

Auta ce ta ba ni, 'yata ta ƙarshe, wadda ke makarantar kwana inda ba a yarda ɗalibi ya riƙe waya ba. Duk tsawon hutun da ya wuce tana manne da wani wasan waya na gidan abinci. Wani ɗan shago ne a bakin rafi, masu zuwa cin abinci duk dabbobi ne. Zomo ne kuku, agwagwa ce ke kai kwanuka. Kai mai wasa kai ne mai gida: ka sayo kayan miya, ka ɗora tukunya, ka sallami kowa kafin haƙurinsa ya ƙare. Ba harbi, ba gudu, sai wani kiɗa mai sanyi da ƙarar tafasar tukunya.

Ranar da za ta koma makaranta, akwatinta na bakin ƙofa, ta zo ta durƙusa gabana da wayar a hannu biyu.

"Baba, ka riƙe min shagona har ranar ziyara. Ba wuya. Ka dai ciyar da su."

"Shi ke nan? Ciyarwa kawai?"

"Sai kuma Tsohon Kunkuru. Kullum da yamma yake zuwa, ya zauna a teburin bakin taga. Miyar kabewa yake sha, tana daɗewa a wuta, sai ka ɗora da wuri. Duk ranar da ya ƙoshi yana ba da guntun labarinsa, yadda ya rabu da ƙanensa a wata ambaliya. Na kusa jin ƙarshe, Baba. Amma in aka yi ta barinsa da yunwa tashi yake ya bar garin, kuma ba ya dawowa. Don Allah."

Na yi dariya irin ta manya na ce, "Auta, ni da nake gyara ƙasa da biro, kunkuru ɗaya ne zai gagare ni?"

Uwarta na daga ƙofar kicin tana goge hannu. Ta dube ni yadda take duban kifin da mai talla ya rantse na yau ne.

A kwanakin farko, wallahi na yi abin kirki. Layin mai ya ba ni lokaci, ni kuma na ba wa tukunya. Na koyi ɗora miya tun azahar. Kunkuru ya zo da 'yar sandarsa, ya sha, ya lumshe ido, ya ba ni labarin daren da ruwa ya tafi da gadar garinsu. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara ƙaunar tsohon.

Matsalar ta faro ne ran da na danna wani ɗan hoton guduma a gefen allo. Ashe kasuwar kayan ƙawa ce. Na sayi tukunyar fure guda, don gwaji. Ina ajiye ta, sai kiɗa ya tashi, 'yan takardu masu launi suka yi ta zubowa daga sama, dabbobin nan kaf suka miƙe suna tafi. Tafi, jama'a! Ni da na shekara talatin da aure ban taɓa shigowa da cefane an tafa min ba. Na lura kuma in ka dafa miya ba mai tafa maka. Su sha, su goge baki, su tafi abinsu.

Daga ranar na zama wani mutum. Na sayi famfon ado mai feshin ruwa, aka tafa. Na gina ƙofar shiga mai zaki biyu, wadda ta fi shagon kansa tsawo, aka tafa. Allon sunan da Auta ta rubuta na ga ya yi ƙanƙanta, na sauke shi na ɗora babba mai fitilu, kuma tun da ni nake wahala, na ga ba laifi in ɗan saka laƙabina a jiki. Da asusun shago ya yi ƙasa, sai na sayar da tukunya ɗaya daga cikin biyun da ke kicin, na sayi jan kafet. Kafet ɗin ya ƙi shimfiɗuwa saboda wani tebur ya tare masa hanya. Teburin bakin taga ne. Na ce a ɗauke shi na ɗan lokaci, har a kammala aiki.

Zomo kuku ya fara ƙorafi. Duk lokacin da na buɗe wasan sai ya fito da hularsa a karkace yana cewa tukunya ɗaya ba ta isa, kabewa ta ƙare, albasa ta ƙare. Ya dame ni ƙwarai, har Allah ya sa na gano inda ake kashe sautin wasan. Tun daga nan aka samu zaman lafiya a shago.

Layi kuwa ya miƙe daga bakin ƙofar zakuna har bakin rafi. Awaki, ɓeraye, wata jimina da 'ya'yanta, kowa da ɗan gajimaren fushi a kansa. Na nuna wa Mai Walda ina alfahari.

"Dubi jama'a! Lokacin Auta ka taɓa ganin cika haka?"

Ya karɓi wayar ya ƙura ido. "Malam, waɗannan ba yunwa suke ji ba?"

"Farin jini ne. Wurin da ba a so ai ba a yi masa layi."

Na faɗi wannan magana ina zaune a layin mai, gumi na bin bayana, kuma ko gezau ban yi ba.

"Wancan tsohon fa da ke tsaye shi kaɗai a bakin taga?" in ji Mai Walda.

Kunkuru ne. Ya zo inda teburinsa yake, ya tarar da kafet, ya tsaya a kai yana dogare da sanda. Na san abin da ya kamata in yi, ba zan ɓoye ba. Amma maimakon in mayar da tebur in ɗora miya, abin da bai fi ƙiftawar ido ba, sai na ji bakina yana cewa lamarin na buƙatar nazari. Nan take muka kafa kwamiti a kan murfin motata: ni shugaba, Mai Walda mataimaki, da wani direban tasi da ke bayana a layi, wanda bai san kan zancen ba amma ya ji an ce za a sayi shayi. Muka zauna har sau biyu. Direban ya ba da shawarar a yi wa bango fenti, don mai jiran abinci ya samu abin kallo. Aka amince ba hamayya. Na yi fenti, dabbobi suka tafa, har da Kunkurun, a hankali, da 'yan gajerun hannuwansa.

Ana cikin haka Auta ta kira ta wayar matar da ke kula da ɗakin kwanansu. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, ya Tsohon Kunkuru? Ya gano ƙanen nasa?"

Na gyara murya. "Ana kan duba lamarinsa."

"Kamar yaya? Yana shan miyarsa dai ko?"

"An samu gagarumin ci gaba a shagon, Auta. Ba za ki gane wurin ba. Akwai 'yan ƙalubale da muka gada, amma nan ba da jimawa ba kowa zai shaida."

"Kuka gada? Baba, a wurina fa ka karɓa."

"Layin ba ya da kyau," na ce, na miƙa wa uwarta.

Uwar ta gama magana da 'yarta, ta ajiye waya, ta ce, "Baban Auta, wannan muryar da ka yi yanzu, a rediyo na saba jin ta."

Na ƙudura a raina gobe zan gyara komai. Goben ta zo, sai kasuwar kayan ƙawa ta fito da mutum-mutumin mai gida, wanda ake kafawa a tsakar fili. Na ce bari in kafa shi tukuna, sai in fuskanci batun miya da natsuwa.

Shi nake daidaitawa shekaranjiya a layin mai, ina matsar da shi dama kaɗan, hagu kaɗan, don rana ta riƙa haska fuskarsa. Sai allon ya yi duhu-duhu. Ga Kunkuru a bakin ƙofar zakuna da ɗan ƙunshin kayansa a kan sanda. Bai yi zagi ba, bai yi zanga-zanga ba. Rubutu ya fito a kansa: "Na gode da miyar kwanakin baya. Ku gaida min yarinyar." Ya juya ya kama hanyar rafi. Kun san tafiyar kunkuru. Na yi ta danna shi, na danna kicin, na danna duk abin da ke dannuwa, yana tafe a hankali a gaban idona har ya ɓace a bayan bishiyoyi. A nan ne motoci suka zagaye ni.

Jiya ce ranar ziyara. Da yake ba mai a mota, motar haya muka shiga ni da uwarta, da kular abinci a cinyata. A hanya na shirya jawabi mai kyau, wanda ya ɗora laifin a kan ƙarancin wutar caji, da rashin haɗin kan Zomo, da halin da duniya ke ciki baki ɗaya.

Muka samu benci a ƙarƙashin wata bishiya a harabar makarantar. Auta ta zo da gudu ta rungume uwarta, ta gaishe ni, ko kular ba ta buɗe ba ta miƙo hannu. Na ba ta wayar. Ta ga zakuna. Ta ga famfo da kafet da allo mai laƙabina. Ta ga mutum-mutumina, wanda, a gaskiya, ya yi kyau. Ta kunna sautin da na kashe, muryar Zomo ta fito a dishe. Sannan ta kai yatsa bakin taga ta tsaya.

"Ya tafi?"

Jawabin nan kaf ya gudu ya bar ni. Na ce, "Ya tafi, Auta. Ni na kore shi. Ya ce a gaishe ki."

Na so ta yi kuka ko ta yi faɗa, da na samu abin rarrashi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kashe wayar ta ɗora a cinyarta.

"Ka san Yaya ya roƙe ni in bar masa? Ya fi ka iya wasan nesa ba kusa ba. Na hana shi. Na ce Baba zan ba wa, don shi ne kullum yake rubuta yadda ya kamata a riƙe amanar mutane. Har ƙawayena nake karanta wa shafinka."

Na sha zagi a kan wannan shafi, an taɓa aiko min da gargaɗi ma, ban ji komai ba. Wannan maganar kuwa ta shige ni har ƙashi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona sai kan murfin kula. Uwarta ta buɗe abinci ta zuba mana, muka ci.

Da za mu tafi Auta ta miƙa wa uwarta wayar ta ce a kulle a durowa har ta dawo hutu. Na ga abin ya yi tsauri. Na matsa kusa na ce, "Auta, ki ƙara min 'yan makonni mana. Yanzu na gane kurakuraina, kuma akwai ayyukan da na faro ban kammala ba."

Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido.

"Baba, har tazarce kake nema?"

Uwarta ta yi dariya har ta riƙe bishiya. Ni ma na yi 'yar dariyar yaƙe, na ce wasa nake.

Amma tsakanina da ku, masu karatu, ba wasa nake ba. Akwai wata hasumiya mai agogo da na gani a kasuwar kayan ƙawa, doguwa, mai ƙararrawa. In aka rushe kicin ɗin, wallahi daidai za ta zauna.