Mota Mai Kujera Ɗaya

A wani daji da tsuntsayensa suka rage kuka ba a san dalili ba, majalisar dabbobi ta yi shelar za ta buɗe sabuwar gasar tseren motoci ta yara. Barewa Tabawa ta je bikin ba da son ranta ba. Ɗanta Jatau ne ya hana ta sakat, har sai da aka sa shi cikin direbobi.

Rana na tsaka, iska ta tsaya cik. An jera motocin, kowace da kujera ɗaya tal, an sassaƙe ta daidai jikin mai shiga. Tabawa ta ga kafinta ya kwantar da Jatau yana gwada tsawonsa da kara, sai gabanta ya faɗi, don ta san inda ake irin wannan awon.

Kura, shugaban kwamiti, ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, yara manyan gobe! Mun gaji da ganin baiwarsu tana lalacewa a gindin iyaye. Duk wanda ya yi fice, za mu haura da shi bayan tsauni, wurin Babbar Gasa. Mu dai ba mu da wani buri sai mu ga yaro ya yi ƙiba, ya yi suna."

Aka yi tafi. Ungulaye kuwa ba su tafa ba. Sun riga sun kama wuri a kan kukar da ke kwanar ƙarshe, ungulu kuma ba ta jewar banza.

Tabawa ta daure ta ce, "Ranka ya daɗe, bara ma an haura da yara. Ina suke?"

"Haba, baiwar Allah! Waccan tsohuwar gasa ce, mun rushe ta. Wannan sabuwa ce fil, har kwamitin sabo ne."

Gaskiya ya faɗa. Bara Kura ne mataimaki, Dila ne shugaba. Bana sun yi musanya.

Ta juya wurin ɗanta. "Jatau, fito mu tafi gida."

"Inna, ke ma fa kin yi gudu a zamaninki. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Aka ɗaga tuta. Duk iyayen da ke wurin suna roƙon nasu ya wuce gaba, ita kaɗai take roƙon Allah Ya sa tayar ɗanta ta fashe. Amma yaron gwani ne, ko kusa da shi ba wanda ya zo.

Aka rataya masa furanni, aka haura da shi yana ɗaga mata hannu. Washegari aka dawo da motar an wanke ta tas, aka kuma kai wa Tabawa gaisuwar taya murna har gida.

Da shekara ta zagayo aka ƙara yawan motoci, domin iyalan 'yan kwamiti sun ƙaru.