Manyan Baƙaƙen Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da malamata, wata dattijuwar Baturiya, ta kira ni ofishinta a Landan ba. Zamanin arzikin mai ne, gwamnati na ta tura mu karatu waje, ni aka ba ni fannin kiwon dabbobi. Watana biyu kacal da zuwa, ko hanyar unguwar Whitechapel ban gama ganewa ba.

Turancina a gida na fara shi, wurin Baba, tsohon akawun En'e. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da kake girmamawa, sa masa babban baƙi. Gwamnati, Uwa, Damina, Haƙuri, kowa da rawaninsa. (Har yau ina jin rularsa a bayan hannuna.) Haka na rubuta aikina na farko a kan kiwon shanu, na miƙa ina hura hanci.

Ina shiga na tarar da takarduna a gabanta, ta bi manyan baƙaƙen nan ta zagaye su da jan biro.

Ta ce, "A wane tsohon littafi ka kwafo wannan? Kakannin kakannina ne ke rubutu haka."

Hukuncin satar rubutu kora ce. Nan take na hango kaina a filin jirgin Kano, ga akwati babu takardar shaida, ga Baba a tsaye. Na rantse, na sake rantsewa, na yi mata bayanin ƙa'idar Baba ina in'ina.

Ta turo mini farar takarda. "To, rubuta mini abin da ka yi tun safe."

Na rubuta, gumi na ɗiga cikin wannan uban sanyi. Ta karanta ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Na yarda, aikinka ne. Amma ka ce babban baƙi na wanda ake girmamawa ne?"

"Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe."

Ta juyo mini takardar, na ga abin da na rubuta. Na sha Shayi, na hau Jirgin Ƙasa, na zo ganin malamata kan maganar Saniya. Saniya da babba. Malama da ƙarami.

Ta ce, "Har shayi ya samu."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ba a kore ni ba, amma har na gama karatu, da ƙaramin baƙi take sa hannu a takarduna. Tun daga ranar, in zan raba girma, da mai riƙe da jan biro nake farawa.