Ranar da Na Sauke Jirgi a Shanyar Rogo

A shekarar da fara ta cinye gero, aka turo ƙaramin jirgin feshi yankinmu na Dawakin Tofa. Ni ne malamin gona, don haka aka ɗora ni in nuna wa matuƙin filin sauka, inda aka shimfiɗa fararen ƙyallaye. Na tabbatar masa cewa ko ido a rufe na san ƙasar nan, har na ambata masa makin da na ci a jogurafi.

Daga sama kuwa, kowace gona kamar 'yar'uwarta take. Da na hango wani farin abu, na ce, "Sauka nan!" Kuskuren bawan Allahn nan ɗaya ne: ya yarda da ni. Muka bi ta kan kunyoyi muna tsalle, farfela ta watsa farin abin sama. Ashe shanyar garin rogon Inna Tabawa ce, abincin gidanta na wata guda.

Na fito gari na zubo mini har gira. Ta dube ni ta ce, "Malam, ko fara ba ta taɓa mana wannan ba."

Har yau in na doso unguwarsu, sai mata su hau kira: "Ku kwashe shanya, ga jirgi nan tafe da ƙafa!"