Igiyar Kaka Halidu

"Lafiya lau, amarya. Ina gajiyar jiran ango?"

"Gajiya tana nan daram. Minti arba'in da bakwai ina tsaye a bakin garaj ɗin nan, Kaka. Daga Goudel zuwa Maourey! Jakin masu lambu ma ya riga ka isowa."

Kakana ke nan, Alhaji Halidu, mahaifin babana. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shofer, wato direban gwamnati, kafin ya bar aiki. A watan nan kaɗai sau biyu motarsa ta sauka daga gudron, wato kwalta, ta hannun dama, na biyun har ta kwashe wa wata mata kwandon tumatir kusa da Petit Marché. Sai babana ya yanke magana: a kai motar a duba faralelizim, wato daidaiton tayoyi. In laifin mota ne, a gyara. In ba nata ba ne, in karɓo makulli, Kaka ya daina tuƙi. Ni aka aiko, don ni kaɗai ke faɗa masa magana son raina ban sha mari ba.

"Raliya, motar nan lafiyarta lau," in ji shi, yana zaro wata igiya daga aljihu. "Da wannan nake auna ta kowace shekara. A zagaye tayoyi huɗu, a rufe ido ɗaya, a duba. Shi ke nan."

"Wane idon kake rufewa? Mai ganin ko ɗayan?"

"Da ɗayan na gan ki na ce ina so. Shi ya sa aka cuce ni."

"Wannan ba igiyar shanyar kishiyata Hajiya ba ce? Kwana goma sha biyu tana nema!"

"Aro na yi."

"Ƙulli uku ne a jikinta, Kaka. Ita kanta igiyar tana bukatar faralelizim."

Moussa, mai garaj ɗin, ya danne dariya ya hau da motar bisa ƙarfe. Ya maƙala wa kowace taya wani faifai, ya koma gaban wata na'ura mai allo kamar talabijin. Kaka ya bi shi da harara.

"Yanzu talabijin ce za ta gaya mini halin motata? Ni da na yi Niamey zuwa Diffa sau ɗari?"

"Jiya ka ce sau sittin."

"Na tuna sauran da asuba."

Minti shida na ƙirga. Ni dai addu'a nake laifin ya zama na mota, don na san in aka raba tsohon nan da makulli, zaman tabarma zai gama da shi. Moussa ya juyo.

"Alhaji, tayar dama ta buɗe da milimita goma sha ɗaya. Ku dubi bakinta, ya cinye sumul. Yaya kuke riƙe ta bisa hanya?"

Kaka ya buga tafi har hularsa ta goce.

"Kin ji ko? Laifin mota! Kira ubanki ki gaya masa. Ki ce ni na haife shi, kuma ni zan kai shi asibiti ran da ƙafarsa ta gaza!"

"Ɗazu ka ce lafiyarta lau."

"Ɗazu ban san talabijin ɗin tana da hankali ba."

"To igiyar fa?"

"Ta Hajiya ce. Ina ruwana da ita?"

Moussa ya shiga ƙarƙashi, ya kwance nan ya ɗaure can. Cikin minti ashirin da biyu jan rubutun na'ura ya koma kore. Ya ce a zagaya a gwada. Kaka ya kama bolan, wato sitiyari, na zauna gefensa.

Ba mu yi mita ɗari ba sai ga mu a hannun masu tahowa.

"Kaka, dama! Dama!"

Wani mai kabu-kabu ya kauce yana zagi da Zabarmanci. Muka dawo hannunmu. Kafin mu kai kwana, mun sake komawa hagu. Sau uku cikin mita ɗari huɗu. A na ukun na ga farin idon mai taksi.

"Tsaya! Wallahi tsaya!"

Ya ja ya tsaya, yana huci.

"Yaron nan ya lalata mini mota."

"Saki bolan ɗin, ka dubi hannunka."

Ya saki. Hannun hagu a ƙasa, na dama a sama, kafaɗa a karkace kamar mai ɗauke da tulu.

"Tun yaushe take ja dama?"

"Tun ramin da na faɗa a hanyar Dosso."

"Shekara nawa?"

"Ba su fi tara ba."

"Shekara tara tana ja dama kana ja hagu! Yanzu ita ta daina, kai ba ka daina ba."

Moussa ya iso da gudu, don ya hango komai daga bakin garaj. Kaka ya leƙo ta taga.

"Moussa, maida mini ita yadda take."

"Alhaji?"

"Karkatata nake so. Mun saba da juna."

"Alhaji, ku yi haƙuri. Na'urar nan ba ta san yadda ake ɓatawa ba."

"To ɗora shi bisa ƙarfen," na ce. "Ka maƙala masa faifai a gwiwar hannu. Milimita nawa ne a jikinsa?"

"Ji mara kunya! Na sake ki."

"Saki na goma sha huɗu ke nan bana. Sauko."

Bai sauko ba. Ya dubi hannun nan nasa, ya juya shi, ya sake juyawa. Wayata ta yi ƙara. Babana ne. Kaka ya dubi wayar, ya dube ni.

"Me za ki ce masa?"

"Gaskiya. Laifin mota ne, an gyara. Saura shofer. Kwana goma, kowace safiya, ni da kai a filin bayan lambu inda babu ko akuya. Ran da ka yi kilomita ɗaya a miƙe, makulli ya dawo hannunka. Kafin nan yana jakata."

"Ke za ki koya mini tuƙi? Permi ɗina na tuƙi ya girmi uwarki!"

"Shi ya sa ya karkace."

Moussa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Kaka ya cije, ya cije, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya zare makulli ya ajiye mini a tafin hannu, ya ɗora igiyar nan a kai, ƙulli uku da komai.

"Ga sadakinki. Igiyar kuma ki riƙe, ki auna ni da ita ran nan."

"Ta Hajiya ce."

"To ke za ki maida mata. Ni ban taɓa ganinta ba."